Tsohuwar da Ke Bakin Ƙofa a Ha Ntsupe

Himeville, 3 ga Yuni, 1996

Ausi Puleng,

Gaisuwa mai yawa daga ƙaninki Mohapi. Ina fata kina lafiya, ke da ƙafar nan taki mai kumbura. Mu nan kalau muke, in ban da bayana da yake tuna mini kowace safiya cewa na tsufa a hawa da saukar hanyar dutsen Sani. Matata Mathato da yara suna can ƙauye, suna gaishe ki.

Sanyi ya sauko da wuri bana. Tun makon jiya ƙanƙara ta rufe kan dutse, sai da na ɗaura wa tayoyi sarƙa. Kin san abin da ke biye. Da an ba 'yan makaranta hutu, Turawa za su kwaso 'ya'yansu su zo ganin ƙanƙara, sai ka ce wani abin kirki. Mu muna gudunta, su suna biya a kai su cikinta. Motar tawa ta sha gyara, kuma tunda tawa ce ta kaina, ba mai ce mini ga inda zan tsaya.

Bana ma ni aka sake zaɓa shugaban kwamitin barguna na ƙauyenmu Ha Ntsupe. Za mu ɗora tukunyar romo a makaranta duk tsawon hutun, don yara su sami abin ɗumi a ciki, za a kuma yi gasar ƙwallo tsakanin ƙauyuka. Ranar Lahadi Fada ya ambaci sunana a coci. Da kina nan da kin ga yadda Mathato ta riƙa gyara zama.

Mme, uwarmu, jikinta da ƙarfi, tana cin tuwonta. Kan ne dai yake tafiya yana dawowa. Shekaranjiya ta kira ni da sunan Ntate babanmu, ta yi mini faɗa wai na dawo daga mahaƙar zinariya ban kawo mata sukari ba. Ta koma tsohon ɗakinta na jinka, wanda aka haife mu a ciki. Can ta fi dacewa. Kullum tana bakin ƙofa, baƙi ba sa yanke mata.

Kada ki ƙara wahalar da kanki wajen aiko takalma, ko rigar sanyi irin ta bara. Ba a sa su yanzu.

Ƙaninki,
Mohapi

Port Elizabeth, 17 ga Yuni

Mohapi,

Na gaishe ka, na gaida Mme da yara. Ƙafata tana nan yadda take. Madam da nake wa aiki ma tana nan, ba ta tashi ba ta mutu ba. Ni nake juya ta, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki, kuma in na makara da shayi ta buga mini ƙararrawa kamar saniya ce ta ɓata.

Na ji daɗi da ka ce baƙi ba sa yanke wa Mme. Dama can ita mai son mutane ce. Ina ganinta a raina, matan coci sun kewaye ta, ana hira ana shan rana. Ka gode musu a madadina. Amma ban gane zancen ɗakin jinka ba. Shekara nawa na yi ina wanke kashin uwar wani kafin in gina gidan kwanon nan, in sa masa murhun ƙarfe? Na Mme ne. Idan matarka ce ta shige ciki da kayanta, ka gaya mata ba a gidan ubanta ta ga irinsa ba, ta fita. Batun riga kuma, wa ya tambaye ka? Kai da ba ka taɓa saya mata ko safa ba.

To shugaban barguna, ga abin da ya sa na rubuto. Ɗan Madam, Mista Kobus, zai kai matarsa da yara wajenku a hutun Yuli. Na ajiye katinka kusa da waya, na ce wa matar wani direba ne da na ji ana yabonsa. Ban ce ƙanina ne ba. Madam ba ta son mai aiki ta riƙa cusa danginta a harkar gidan, kuma da sunan Paulina suka san ni, ba Puleng ba. Ka kula da su sosai, kada ka ambace ni. In ka kai su ƙauye, ka sa a yi wa Mme wanka, a sa mata rigar nan, ta zauna a gidan kwano. Ina so su ga cewa mu ma mutane ne.

Zan ba wata mata 'yar Underberg, nan kusa da ku, wannan takarda, za ta gida jana'iza, ta ce za ta miƙa maka hannu da hannu.

Yayarka,
Puleng

Himeville, 15 ga Yuli

Ausi,

Gaisuwa. Shiru ban ji daga gare ki ba, ko ƙafar ce ta hau har hannu? Mu lafiya. Mme tana ɗan tari, irin na kowa a wannan lokaci. Mathato tana dafa mata ganye.

Hutun nan ban zauna ba. Da safe in ɗauki baƙi a otal, in hau da su, su yi ta ihu a kowace kwana, in sauko da su kafin a rufe iyakar ƙasa. Ran Asabar aka yi wasan ƙarshe. Sai da muka share ƙanƙara daga fili da shebur. Yaranmu suka ci, suka tafi da tunkiya. Mai tsaron gidan ɗaya ƙauyen ya zo yana ce mini, "Ntate Mohapi, alƙalin wasan nan surukinka ne!" Na ce masa, "To kai ma ka aurar da ƙanwarka ga wani alƙalin, baɗi ku ci." Har mai gari sai da ya riƙe ciki.

Washegari muka raba barguna a ƙofar coci. Ausi, ba gidan da bai samu ba, har makiyayan da ke can sama da tumaki. Wata tsohuwa ta kama hannuna tana kuka, wai ni ne uban ƙauyen nan. Gidan kwanonki ya yi mana rana, a ciki muke tara bargunan da buhunan wake, tunda shi kaɗai ne ba ya yoyo kuma yana da makulli.

Makon jiya na ɗauki wasu daga garinku, mutum da matarsa da yara biyu. Mijin ɗan rowa ne, sai tambayar kuɗin mai. Matar kuwa zuciyarta kamar man shanu. Na tsaya da su a wurin Mme, kamar yadda nake tsayawa da kowa, na ba su labarin da irinsu suke so. Matar ta yi kuka har da majina. Ta tuɓe abin wuyanta na ulu ta naɗa wa Mme, ta yi alkawarin za ta sa matan cocinsu su tara mana kwalayen kaya. Irin waɗannan in ka samu biyu a shekara, ƙauye ya tsallake sanyi.

Ki rubuto mana.

Mohapi

Port Elizabeth, 24 ga Yuli

Mohapi,

Ba zan tambayi lafiyarka ba.

Ran Lahadi su Mista Kobus suka zo cin abinci, suka kawo hotunan tafiyarsu. Aka taru a ɗakin Madam, ni ina tsaye da faranti. Matarsa ta ce, "Paulina, zo ki gani, ai mutanenku ne." Ta miƙo mini ɗaya.

Tsohuwa ce a ƙofar ɗakin jinka, a durƙushe gaban dutsen niƙa. Ƙafarta ba takalmi, a kan ƙanƙara. Bargon da ke jikinta na san shi, shi muke shimfiɗa wa kare tun Ntate yana da rai. An shafa mata toka a fuska, Mohapi, ko kuwa an daina wanke ta ne? Tana kallon mai ɗaukar hoton tana murmushi, irin murmushin da take yi in ba ta gane abin da ake ciki ba amma ba ta so a ji kunya.

Matar ta ce, "Direban ya gaya mana ta haura shekara ɗari. Ba ta da kowa. Ɗanta ya mutu a ramin zinariya, 'yarta ta tafi birni ta lalace, ta mutu a can. Shi direban ne yake kai mata abinci, don Allah kawai. Mutumin kirki, Paulina, ba ki ga yadda muryarsa take rawa ba."

Madam, da ba ta cika magana ba, ta ce, "Haka suke. Su haifa da yawa, ba ko ɗaya mai amfani." Sannan ta ce in gyara mata matashi.

Na gyara mata. Na ce, "Allah sarki, baiwar Allah." Na kwashe kofuna, na shiga kicin na yi amai a wurin wanke-wanke.

Waɗannan ne baƙin da ba sa yanke mata? Wannan ne ya sa ba a sa takalma? Ka tuɓe uwarka a cikin sanyin Yuli, ka zaunar da ita kamar biri a kasuwa, don a kira sunanka a coci? Kai da ta goya ta haye dutse da kai zuwa asibitin Mokhotlong lokacin da ƙyanda ta kusa kashe ka. Da ta bar ka a hanya, da karnuka sun yi mana aikin alheri.

Ranar da takardar nan ta same ka, ka kwashe tsummokaranka daga gidana, ka mayar da Mme, ka hura mata murhu. In ba haka ba zan rubuta wa Fada, in rubuta wa mai gari, kowa ya san wane ne uban ƙauyen.

Puleng

Himeville, 2 ga Agusta

Ausi Puleng,

Ni zan tambayi lafiyarki, tunda an koya mini ladabi. Ina fata aman ya tsaya.

Takardunki biyu rana ɗaya suka iso. Matar da kika ba ta farkon ta manta da ita a aljihun rigar jana'iza, sai jiya ta aiko jikanta da ita. Da kin sayi kan sarki kamar kowa, da na san su wane ne, da na kai su wani wurin, kin ci gaba da barcinki.

Ki rubuta wa mai gari. Shi ne ya ce a riƙa cire mata takalman, don wani Bature ya taɓa cewa sun yi sabunta da yawa. Matan coci da kike gode wa, su suke zuwa da safe su zaunar da ita. Kina tsammani barguna daga sama suke faɗowa? Na gwada kai baƙi makaranta, su ga yara da allo, suka yi hamma. Na kai su gidan kwanonki, ɗaya ya ce irin wannan akwai a bayan gidansa, a nan mai yi masa shara yake kwana. Amma ƙofar Mme, ba wanda ya taɓa tsayawa a wurin ya tafi hannu bai shiga aljihu ba. Bara ba yaro ko ɗaya da sanyi ya kashe a Ha Ntsupe. Ki tambaya a ƙauyukan da ba su da tsohuwa irin tamu.

Kuma ita ba ta san ana yi ba. A ganinta biki ake yi kullum.

Za ki ce na yi ƙarya. Wace ƙaryar? An sa miki hoton uwarki a hannu, an ce 'yarta ta mutu. Kina da baki. Me kika ce? "Allah sarki, baiwar Allah." To ai kin sa hannu a kan maganata, Paulina. Ni na kashe ki a gaban baƙi, ke kika binne kanki a gaban Madam, kika kuma gyara mata matashi.

Rabonki da ƙauyen nan tun kafin a haifi autana, ga shi yanzu yana kiwo. Ni nake ɗaukar Mme in ta ɓata a cikin duwatsu tana neman Ntate. Mathato da kike zagi ita take wanke mata zani. Ke sai aike, sai umarni, sai riga mai launin alewa. Na ambaci sunanki jiya, ta ce, "Puleng 'yar wa?"

Hutu ya ƙare amma baƙi ba su ƙare ba, ƙanƙara tana nan. Tarin ma yana nan.

Mohapi

Himeville, 12 ga Agusta

Ausi,

Gaisuwa. Takardar da kika aika wa Fada ta iso. Ya karanta ta da ƙarfi a gaban 'yan kwamiti, har wurin da kika kira ni kare. Ya ce in ajiye shugabanci sai an bincika.

An mayar da Mme gidan da kika gina, kamar yadda kika ce. Tana kwance a ciki. Tarin ya tsaya. Ba za ta ƙara zama a bakin ƙofa ba.

In za ki zo, ki zo kafin ƙarshen watan nan.

Mohapi

Port Elizabeth, 20 ga Agusta

Mohapi,

Na gaishe ka, tunda ka dawo hankalinka. Ƙafata ma ta yi sauƙi tun da na karanta takardarka, na yi barci irin wanda na daɗe ban yi ba.

Ka gani? Ashe kana jin magana, sai dai sai an murɗe maka kunne a gaban jama'a, kamar lokacin da kake yaro. Daga shigar da ita wurin ɗumi tari ya tsaya. Da kun yi haka tun farko, kai da likitarka Mathato mai ganye. Shugabancin da aka karɓe kuma kada ya dame ka, dama ya yi maka yawa.

Zancen zuwa kafin ƙarshen wata, ba zai yiwu ba. Na san so kake in zo ka tara mini dangi a yi mini shari'a. Madam ta sami gyambo a baya, ba ta yarda kowa ya taɓa ta sai ni, kuma matar Mista Kobus ta fara maganar wai a kai ta gidan tsofaffi. In na ɗaga ƙafa yanzu, ba zan dawo in tarar da aikin ba. Sai Kirsimeti, in Allah ya kai mu.

Ga safa biyu na saƙa wa Mme, masu kauri. Ka sa mata da hannunka. Ka riƙa faɗa mata sunana kullum da safe har ya zauna. Ka ce Puleng ce ta fitar da ita daga sanyi.

Yayarka,
Puleng

Himeville, 2 ga Satumba

Ausi Puleng,

Gaisuwa. Muna lafiya. Kawunanmu a aske, baƙin ƙyalle a wuya, amma muna lafiya.

Mun binne Mme shekaranjiya Asabar.

Ta rasu tun kafin in rubuta miki takardar da ta sa ki barci. Ranar da tarin ya hana ta numfashi, na sa ta a mota zan kai ta Mokhotlong. Ƙanƙara ta toshe hanya. Na fita da shebur ina haƙa, Mathato tana riƙe da ita a kujerar baya, inda baƙi suke zama. Da na ɗago na ga Mathato ta daina yi mata magana. Na juyo da motar. Da muka iso ƙauye na tarar Fada yana jirana da takardarki a hannu. Na tsaya ya karanta ta har ƙarshe, uwata tana cikin mota tana sanyi. Sannan na buɗe masa ƙofar baya.

A gidan kwanonki muka ajiye ta, ba a hura murhu ba, don ta jira ki. Ta jira ki kusan mako uku.

Za ki ce na yaudare ki. Ki ɗauko takardar ki sake karantawa, ki nuna mini kalma ɗaya ta ƙarya. Ke da kike jinyar tsohuwa, kin taɓa ganin tarin da ya tsaya rana ɗaya? Na ce ki zo kafin ƙarshen wata. Na san yadda za ki karanta, ban kuma gyara ba. Da kin zo don ki ga uwarki kawai, ba don an ce miki ta mutu ba, da kin same ta.

Abu ɗaya zan janye. Na ce miki ta manta sunanki. A mota, kafin in fita da shebur, ta kama rigata ta ce, "Puleng ta iso?" Na ce tana hanya. Ta ce a ajiye miki tuwo. Ban gaya miki wannan don ki ji sanyi ba.

Mutane sun zo sosai, har daga ƙauyukan da muka ci a ƙwallo. An yanka saniya. Dangi sun yi ta tambaya ina babbar 'ya, na ce Madam tana da gyambo. Safarki ta iso ran Juma'a, Mathato ta sa wa auta, ta yi masa daidai. Kwalayen matar Kobus ma sun iso, da kati a sama, wai a gaida tsohuwar da ba ta da kowa. An raba. Fada ya mayar mini da shugabanci ba tare da ya kalli idona ba.

Yanzu 'yan kwamiti suna tambayata yadda za a yi baɗi. Na ce su ba ni lokaci. Kin ce ana maganar kai Madam gidan tsofaffi. Ran da aka kai ta, za su miƙa miki jakarki a bakin ƙofa, su ce Paulina mun gode. Kin haura hamsin, ƙafarki ba ta da kyau, ba ki da miji ba ki da ɗa. Ki dawo gida. Ba zan bar ki ki kwana da yunwa ba, ke jinina ce. Gidan kwano dai kwamiti yana buƙatarsa. Amma ɗakin jinka yana nan, na hana a taɓa shi, kuma duk dangi sun ce ke kika ɗauko fuskar Mme.

Ƙaninki,
Mohapi